Burodin Jiya na Baba Jethro

Shekara talatin da uku Baba Jethro ya yi a tsaye a kicin ɗin manya, kuma in ka ba shi fuska zai jero maka su ɗaya bayan ɗaya: Baturen masaƙa a Kakuri, sai wani babban sakatare mai ciwon suga da ke satar alewa, sai Kanar, wanda ya fi daɗewa da shi. Da farar hula ta karɓi mulki a shekarar casa'in da tara, aka ce duk sojan da ya taɓa ɗanɗana kujerar siyasa ya tuɓe kaki. Kanar na cikinsu. Ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu wai zai yi noma, Baba Jethro kuma ya ɗaura akwati a bayan keke ya haye gada ya dawo Narayi gaba ɗaya, da fararen kayan aikinsa da wani baƙin kaskon suya da uwargidan Kanar ta bar masa.

"Soja ya koma bariki," in ji shi ga duk wanda ya yi masa jaje, "kuku ma ya koma nasa."

Sai dai barikin nasa da kwamanda a ciki, ita ce matarsa Irene, wadda unguwa ke kira Maman Judith. Mutumin nan da ya ciyar da gwamnoni bai taɓa ɗora ko ruwan shayi a kicin ɗin gidansa ba, kuma abin da dalili. Satin farko na aurensu ta yi masa tuwon acca da miyar karkashi, ya kai loma, ya ɗaga kai irin na masana ya ce gishiri bai ji ba. Ta tashi ta ɗauko ludayi ta ajiye a gabansa, ta ce ya zaɓa: ko ya riƙe ludayin nan har mutuwa, ko ya riƙe bakinsa. Ya riƙe bakinsa. Shekara talatin ke nan, kuma bai yi nadama ba.

Duk ranar da yake gida, takan ajiye masa tire, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna daura da shi, nata kwanon a rufe bisa cinya, tana kallon bakinsa. Shi ya daɗe da gano ma'anar wannan kallo, ko kuwa haka yake zato: mace ta auri gwani, dole ta so jin makin da zai ba ta. To, alkawari ya hana shi magana. A ransa dai yana ba ta makin, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa faɗuwa ba.

Cikin damina, watansa biyu da dawowa, taifod ya kayar da ita. Sati biyu ta yi a asibiti, ta fito kamar an wanke ta an matse. Ranar sallama likita ya ja Baba Jethro gefe ya ce, "Baba, magani ya yi nasa, saura abinci. Duk abin da ranta ke so a ba ta, musamman ƙwai da madara. Ku dawo da ita ranar Juma'a. In na ɗora ta a sikeli na ga ba ta fara ci ba, gado zan sake ba ta a sa mata ruwa." Irene kuwa kunnenta ba ya ciwo, ta ji. A cikin tasi ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "In kuka mayar da ni gadon nan, ku biya ku ɗauko fasto kawai. Ba zan sake fitowa da ƙafata ba." Kuma wanda ya san Irene ya san ba ta faɗin magana don ta ji daɗin bakinta.

'Yarsu Judith malamar firamare ce a Barnawa, an yi sa'a ana hutu, ta tattaro ta dawo gida jinya. Babu abin da ba ta gwada ba. Ta dama kunun acca mai laushi, ta yi fate da yakuwa, ta yi farfesun kaza har sai da ƙashi ya rabu da nama. Matan Zumunta na cocinsu suka yi ta sintiri da kuloli, kowace da rantsuwar cewa nata ne zai buɗe mata ciki. Duk tiren da ya shiga ɗaki, Irene za ta dube shi ta ce, "Babanku ya ci?" Judith ta ce, "Ya ci, Mama." Sai ta kurɓi cokali ɗaya, da ƙyar biyu, ta juya fuska bango.

Shi kuwa Baban yana baranda, rediyo a kunne, yana jin 'yan majalisa na koyon gardama. Judith ta kawo masa nasa ya ce ta rufe, sai marar lafiya ta gama. A aikinsu haka ake yi, kuku ba ya sa komai a baki sai an tashi daga tebur. To tiren marar lafiya ya fito kamar yadda ya shiga, ya dube shi, ya ce a ba shi ruwan shayi kawai. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka yi harbi a ƙofar gidan Kanar. Amma Baba Jethro ba mutumin da zai ce yana jin tsoro ba ne. Abin da ya ce shi ne girkin 'yan zamani ba shi da kai.

Ranar Laraba da yamma ya ga an fito da faten da ko cokali ba a tsoma ba. Ya kashe rediyo.

"Judith."

"Na'am, Baba."

"Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wannan kuwa ban ga alama ba. Gobe ni zan yi karin kumallo."

Judith ta riƙe baki. "A kicin ɗin Mama?"

"A'a, a na gwamna. A kicin ɗin wa kuma?"

"Baba, in ta ji..."

"Ta ji mana. Ta taso ta kore ni, ai abin da muke nema ke nan." Ya gyara zama. "Akwai abin da nake yi wa uwargidan Kanar duk lokacin da ta haihu ta ƙi abinci. Haihuwa huɗu, bai taɓa ba ni kunya ba. Turawa na ce masa firanci tos, wai na Faransa ne, ko da yake ni ban taɓa ganin Bafaranshen da ya ci ba. Burodi ne da ƙwai. Minti goma, an gama."

"Burodi da ƙwai, Baba? Ai mai shayin bakin titi ma yana yi."

Ya dube ta irin kallon da ake yi wa yaron da ya kira jirgin sama tsuntsu. 

Washegari da sassafe, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, ya taka zuwa shagon Nkiruka a kan kwana. 'Yar Anambara ce, mijinta na sayar da kayan gyaran mota a Sabon Tasha, kuma ta daɗe a Kaduna har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari kaifi. Ya tarar motar gidan burodi ta sauke mata ke nan, ledoji sai gumi suke.

"Baba Kuku! Ina kwana? Yaya jikin Mama?"

"Da sauƙi, mun gode Allah. Burodi nake so, babba, wanda ba a yanka ba."

Ta zaro ɗaya ta matsa da yatsa ya lotsa ya dawo. "Taɓa ka ji, da zafinsa. Kamar kumatun jariri."

"Ajiye shi. Na jiya nake so."

"Na me?"

"Na jiya. In akwai na shekaranjiya ma ba laifi, muddin bai yi fumfuna ba."

Nkiruka ta dafe ƙirji. "Tufiakwa! Allah ya kiyaye! Wa za a ba? Mama? Matar da ta fito asibiti? Baba, so kake a ce a unguwar nan Nkiruka ta sayar wa marar lafiya kwantai? In wani abu ne ka faɗa mini, ka ɗauki sabo ka tafi, ni da Mama ba mu haka."

"Ke, ba wani abu ba ne. Aiki ne." Ya ɗauki sabon ya nuna mata. "Wannan cikinsa cike yake da ruwa. Ka tsoma shi a ƙwai, ya narke ya zama koko, ka ɗaga ya tsinke maka a hannu. Na jiya ya sha iska, ƙishirwa yake ji. Shi ne zai shanye ƙwan har ciki, kuma ya tsaya da ƙafarsa a kasko. Sabo kyau ne kawai da shi, bai san aiki ba."

"Kai da kanka kake yabo, na gane," in ji Nkiruka. Amma ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta jawo wani guda da ta ware wa kajinta, ta naɗe masa a jarida kamar mai ɓoye abin kunya. "In an tambaya, ba a nan ka samo ba."

Ya haɗa da ƙwai da madarar gwangwani da bota, ya dawo gida yana fito.

Kafin ya shiga kicin sai da ya yi wanka ya buɗe akwati ya fito da fararen kayan. Ya sa riga ya ɓalle maɓallai har wuya, sai ya ji wuyan ya yi masa yawa, yatsa uku na shiga. Wandon ma sai da ya ƙara wa bel huda ɗaya. Ya ce lallai yadin nan ajiya ta sa ya saki, kayan yanzu ba su da amana. Ya ɗora hula ya fito, Judith ta gan shi ta juya baya kafaɗunta na rawa.

A bakin ƙofar kicin ya ɗan tsaya. Ƙaramin ɗaki ne, tukwane a kife bisa girma, ludayin nan na shekara talatin a rataye a ƙusa. Ya yi masa kallo ɗaya, ya sa ƙafar dama ya shiga.

Farko ya gyara lagwanin risho har wuta ta koma shuɗiya, don ba zai soya abin kirki a kan hayaƙi ba. Ya yanke kan burodin da gindinsa ya ajiye gefe, ya yanka sauran da kaurin yatsa biyu, ya tashi yanka shida cif. Ya fasa ƙwai a faffaɗan kwano da hannu ɗaya, abin da ba dole ba ne amma Judith na kallo. Ya zuba madara, sukari cokali guda, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ya kankare gyaɗar ƙamshi kaɗan a kai, ya kaɗa da cokali mai yatsu har farin da kwaiduwar suka manta sun taɓa rabuwa.

"Duba nan," ya ce wa Judith. "Ki kwantar da shi, ki ƙirga goma, ki juya, ki ƙirga goma. Kika yi gaggawa cikinsa ya fito a bushe, kika yi nawa ya mutu a kwano. Wuta kuma kaɗan. Masu shayi wuta suke ɗurawa, waje ya ƙone ciki ɗanye, su miƙa maka suna murmushi."

Bota ta narke a baƙin kaskon ta fara kumfa, ya shimfiɗa yanka biyu. Suka yi ƙara a hankali. Ƙamshi ya tashi ya cika kicin, ya bi ta tsakar gida, ya shiga inda aka aike shi. Ba a yi minti biyu ba sai ga murya daga ɗaki, siririya amma da sauran kaifinta:

"Wa ke taɓa mini risho?"

Baba Jethro ya kalli Judith, ya ɗaga gira. Sati uku rabon da a ji muryar nan ta haye ƙofa. Daɗi ya kama shi har ya kusa barin gefe ɗaya ya wuce, ya yi maza ya juya. Ja-ja ne, ruwan zuma, gefuna sun ɗan yi ƙarfi, tsakiya na rawa kaɗan in an taɓa.

Ya ce ba za a kai wannan ɗaki ba, abincin tebur ne. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin falo wanda ba a cin komai a kansa sai ranar Kirsimeti, ya ajiye faranti, cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, kofin shayi a sama kaɗan. Ya yanka kowane yanki gida biyu a karkace ya jingina su da juna. Judith ta tallabo uwar ta zaunar da ita, ta sa mata filo a baya. Irene ta dubi teburin, ta dubi fararen kayan tun daga hula har takalmi.

Shi kuma ya yi abin da jikinsa ya sani. Ya ja baya taku biyu, ya tsaya a bayan kujerarta ta dama, tawul a hannun hagu, ido a bango. Nan ne wurin kuku: kusa yadda za a kira shi, nesa yadda ba za a ji numfashinsa ba.

Agogon bango na tafiya. Tururin da ke tashi daga farantin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Daga inda yake yana ganin ƙeyarta da hannuwanta biyu a kan cinya, ba su motsa ba. Judith ta ce, "Mama, ki ɗan taɓa mana, Baba ne fa da kansa." Ta ce, "Na gani."

Wani zai karaya, ban da Baba Jethro. Ya sa hannu ta gefen dama ya ɗauke farantin kamar yadda ake yi, ya koma kicin yana nazari. "Sukari ne," ya ce wa Judith. "Bakin mai taifod ɗaci gare shi, sukari ba ya ratsa shi. Laifina ne, da na tuna. Ina zumar nan da kawunki ya aiko daga Kagoro?" Aka nemo ta a bayan kwanuka. Ya tsoma yanka biyu, goma, juya, goma, ya soya, ya zizara zuma a kai har tana gangarowa. Wannan karon ya fi na farko kyau, shi kansa ya sani. Ya kai, ya ajiye, ya ja baya taku biyu.

Ƙuda ɗaya ya zo, ya kore shi da tawul ta saman kafaɗarta. Ban da wannan babu abin da ya taɓa farantin.

Da ya koma kicin karo na biyu bai yi wa Judith lacca ba. Yanka biyu suka rage a kan katako, ƙwan da ke kwano kuma iyakar su ne. Gobe Juma'a. Ya tsaya yana kallon su.

"Baba, a bari zuwa rana," in ji Judith a hankali.

"Ba a barin karin kumallo zuwa rana. Miƙo botar."

Ya yi na ukun ba fito, ba fasa ƙwai da hannu ɗaya, ba komai. Ya ƙirga goman a fili kamar mai addu'a. Ya kai da zafinsa ya ajiye a gabanta, ya ja baya.

Irene ta ɗan juya kai hagu, ta juya dama, wuyan ba ƙarfi.

"Baban Judith, wai ina kake?"

"Ina nan, Madam."

Bakinsa ne ya faɗa, ba shi ba. Judith ta toshe baki da gefen zane.

"Madam," in ji Irene, ta maimaita a hankali. "To, zagayo gaban Madam ta gan ka."

Ya zagayo ya tsaya a gabanta, tawul a hannu. Ta daɗe tana kallonsa, ba fuskarsa ba, wuyan rigar.

"Ka ci?"

"Zan ci. Ki fara tukuna."

"Tambayarka na yi, ka ci? Jiya ka ci? Shekaranjiya fa?"

"Maman Judith, kin san aikinmu. Kuku ba ya ci sai an tashi daga tebur."

"Wane tebur? Na wa?" Ta numfasa, maganar na cin ƙarfinta amma ba ta fasa ba. "Kullum yarinyar nan sai ta shigo ta ce mini ka ci. Ina kwance ina jin cokalinka a kofin shayi, ƙaran-ƙaran, safe da rana da yamma. Ban ji an wanke kwanonka ba ko sau ɗaya. Dubi wuyanka a rigar nan kamar muciya a tukunya. Ni za a yi wa ƙarya? Ni na haife ta."

"Mama, don ki ci ne..." in ji Judith.

"Ke yi mini shiru, ba da ke nake ba." Ta mayar da ido kansa. "Shekara talatin, Baban Judith. In kana wurin aiki na san akwai abin da za ka lasa. Amma duk ranar da kake cikin gidan nan, ka taɓa ganin na buɗe kwanona kafin lomarka ta wuce? Haka na ga uwata na yi, ban ma san na ɗauka ba sai da ya zama jikina. In na san kana zaune da yunwa, abin nan ba ya wucewa. Ba ƙi nake ba. Nan yake tsayawa." Ta taɓa maƙogwaronta.

 Kujera 'yar tsugunno ta faɗo wa Baba Jethro a rai, da rufaffen kwano a kan cinya, da idon nan a kan bakinsa. Shekara talatin yana zaune yana ba ta maki a zuci kamar alƙalin gasa, ashe baiwar Allah jira take ya haɗiye ta samu ta ci abincinta. Kunya ta rufe shi tun daga hula har ƙafa, tausayi ya biyo baya, har ya rasa wanda ya fi ciwo.

"Na zaci..." ya fara.

"Me ka zata?"

"Ba komai."

"To ni ina jiranka, kai kana jirana, sai likita ya zo ya raba mu? Zauna."

Nan fa ake yin ta. Baba Jethro ya shirya tebur ya fi sau dubu goma, bai taɓa zama a wanda ya shirya ba. Ya dubi kujerar da ke gefenta kamar an ce ya hau kujerar fasto ranar Lahadi. Ya ja ta, ta yi ƙara, ya ji kamar wani zai leƙo ya ce kai, me kake yi. Babu wanda ya leƙo. Ya ajiye tawul a kan tebur, ya cire hula ya ɗora a kai, ya zauna a bakin-baki.

"Zauna sosai, ba aro ka yi ba. Kai ka saye ta." Ta ture wuƙa da cokalin gefe da bayan hannu. "Judith, kwashe mini makaman nan, ki kawo ruwan wanke hannu."

Aka kawo, ya wanke, ta wanke. Ta ce ya yi addu'a, ya yi gajeriya, don muryarsa ba ta da tabbas. Sannan ya gutsuri gefen yanka ɗaya, zuma na bin yatsunsa, ya kai baki.

Abin mamaki, bai taɓa cin sa da zafi ba. Abin da ya sani shi ne ragowar da ke dawowa daga teburin manya, a sandare, ya tura a tsaye a bayan ƙofa. Yanzu ya ji gefen ya ɗan yi ƙaras, cikin ya narke a harshe, ƙamshin gyaɗar ya biyo daga baya. Cikinsa da ya kwana biyar a kan ruwan shayi ya yi wani kuka da duk falon aka ji.

"Ashe na iya," ya ce.

"Ci dai."

Ya ci loma ta biyu. Tana kallon bakinsa, kallon nan dai da ya sani, sai yau ya ga ba maki a cikinsa. Ya kai ta uku, ya haɗiye, ya buɗe mata hannu ta ga babu komai.

Sannan Irene ta miƙa hannu. Yatsun sun rame har zoben aure na juyawa. Ta gutsura kaɗan daga tsakiya inda ya fi laushi, ta dangwali zumar da ta taru a gefen faranti, ta sa a baki. Judith ta daina numfashi a bakin ƙofa. Baba Jethro ya kafa wa maƙogwaron matarsa ido, yana jin nasa na motsi, har ya ga lomar ta wuce.

Ta sake gutsura, wannan ta fi ta farko girma. Ta kurɓi shayi. Ta ci gaba a hankali, tana hutawa tsakani, shi kuma duk lokacin da ta tsaya sai ya kai loma don ta biyo. Da haka farantin ya koma fari. Judith ta zame ta tafi kicin, suna jin ta tana fyace hanci tana cewa hayaƙin risho ne, alhali an kashe rishon tun ɗazu.

"Na ɗazun fa?" in ji Irene. "Guda huɗun da ka kwashe. Ko kajin Nkiruka za ka kai wa?"

"Sun huce. Ba a ba mutum..."

"A ɗumama. A gidan nan ba a zubar da ƙwai."

Ya yunƙura zai tashi, ta dafe masa hannu. "Judith na da hannu. Kai zauna inda nake ganinka."

Aka ɗumamo aka kawo. Ta ɗauki yanki ɗaya ta ajiye a gabansa, ta ɗauki ɗaya. Ta tauna, ta ɗaga kai sama, ta ɗan lumshe ido irin na masana, har sai da ya gane wa take kwaikwayo.

"Baban Judith."

"Na'am."

"Gishiri bai ji ba."

Da uwargidan Kanar ce ta faɗi haka, da a ranar ya ajiye aiki. Ya dubi matarsa, zuma a gefen bakinta, idonta ya fara dawowa irin na da.

"Gaskiya ne," ya ce. "Gobe zan ƙara."

Ya matsar mata da farantin kusa, ta ɗauki wani.